Inda Ja Yake Ƙarewa a Bahar Maliya

Sai da muka wuce Fotlami da kwana biyu sannan na yarda da gaske na bar Yerwa. Ina saman wata babbar mota a kan buhunan albasa, tsakanin maniyyata, kowa yana jan carbi, ni kuwa ina rungume da ɗan akwatin katako. Duk wanda ya ce, "Makka za ka?" sai in ce, "In Allah ya yarda, amma a bakin teku zan fara tsayawa." Ba wanda ya gane nufina, ni kaina ban gama ganewa ba.

Sunana Bukar, sana'ata kuwa sa wa hoto launi. Yaran yanzu ba su san wannan aiki ba. A lokacin, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, hoto baƙi da fari yake fitowa, sai irina ya zauna da buroshi da 'yan kwalabe ya mai da hula ja, riga shuɗiya. Shekara shida na yi ina wannan aiki a shagon Oga Ifeanyi da ke Wulari. Ƙa'idarmu ɗaya ce, abin da mai hoto yake so shi za a yi masa. Wani ɗan kasuwa daga Moduganari ya taɓa sa na zana masa agogon zinariya a hannun da ko zare bai taɓa ɗaurawa ba, kuma ya tafi yana sa mini albarka.

Abin da ya tayar da ni, wani alhaji ne da ya dawo ta ƙasa ya kawo hoto a sa masa a gilashi. Hoton kifi ne. Amma ba a kan tire yake ba, ba a hannun masunci ba. Yana iyo ne a cikin ruwa, an ɗauke shi ido cikin ido. Alhajin ya ce a Bur Sudan ya saya, wurin wani Bagirke mai shiga ƙarƙashin Bahar Maliya da kyamara, kuma ya ji yana cigiyar mai sa launi. Daga ranar na zama ba ni da amfani a shago. Oga Ifeanyi ya gaji, ya rubuta mini takardar shaida da Turanci, ya ce, "Je ka gani, Bukar, kafin ka ɓata mini hoton amaren gari duka." Ya kuma ɗauki wani a madadina tun kafin in ɗaure kaya. Ke nan ba ni da wurin komawa, ga matata Yagana na bari a gidan iyayenta a Dala da alkawarin zan aiko a zo da ita.

A Jinaina, bakin iyakar Sudan, muka yi kwana tara ana duba takardun rigakafi. A nan na haɗu da wani dogon mutum mai haƙorin Makka, Hausarsa tas kamar yau ya baro Kano. Ya zauna kusa da ni, ya ci dabinona, ya ji labarina kaf, don ni da bakina na zazzage masa.

"Ɗan'uwa, ai wannan takarda taka in ba hatimi ba ta da amfani a ƙasar nan," in ji shi. "Kawo in kai a buga maka. Haɗo da burusan nan ma, su ga shaidar sana'a."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya ɗaga hannu ya yi mini doguwar addu'a, na shafa, ya sha kwana. Ban sake ganinsa ba. Har yau addu'ar nan ta fi satar ba ni haushi. Abin da ya tsira kawai kwalaben launi ne, su ma don na cusa su cikin safa a ƙasan akwati.

Na isa Fashir ba takarda, ba buroshi. Wata mai shayi a tasha ta ga ina ta kallon ɗan akuyarta, ta tambaye ni da Larabci ko yunwa nake ji. Larabcin Shuwa da na tashi da shi a Kasuwar Litinin ya yi mini rana. Na ce gashin jelarsa nake so. Ta yi dariya har mayafinta ya zame, ta danne ɗan akuyar da gwiwa, na yanki abin da zan yanka. Na cusa gashin a karan gashin zabo, na ɗaure da zare, na sami buroshi uku. Ba su kai na da ba, amma da su na sa wa hoton wani direba launi, na mai da tsohuwar motarsa ja wur, shi kuma ya ɗauke ni zuwa Ubayyid.

Wannan hanya ba zan yi wa kowa fatanta ba. Yashi ne, mota ta yi taku kaɗan ta nutse, mu sauko mu shimfiɗa mata ƙarafa a ƙarƙashin taya mu tura. Leɓena ya tsattsage. Wata rana iska ta kawo mini ƙamshin turaren wuta daga wata rugar Larabawa, irin wanda Yagana ke turara ɗaki da shi, na koma bayan mota na yi kukana, na ce yashi ne ya shiga idona. Daga Ubayyid na hau jirgin ƙasa zuwa Kartum, daga nan na bi wani zuwa gabas. Wani lebura da muka zauna kujera ɗaya ya riƙa raba wakensa da gurasarsa biyu har muka sauka, bai ko tambayi sunana ba.

Da hantsi jirgi ya gangaro daga cikin duwatsu, na leƙa taga, sai na ga sama ta sauko ta kwanta a ƙasa. Na miƙe tsaye ina ihu, "Mene ne wancan?" Mutane suka yi ta dariya, suka ce teku ke nan. Ni da ruwan da na sani shi ne Ngadda da damina, ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗauke da kara da tsumma.

A Bur Sudan, unguwar mutanenmu da suka zo daga yamma na sauka. Ina tsaye gaban wata mai tuyar ƙosai, ina gunaguni da Kanuri a kan zafin garin, sai ta saki matsamin mai.

"Wushe, sannu! Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Yerwa ne, Ya."

"Wushe, wushe, tadani, ɗana! Zauna, zauna. Wa ya bar ka ka rame haka?"

Ita ce Ya Falmata. Ta fito aikin hajji da mijinta shekaru da yawa da suka wuce, ya rasu a hanya, ita kuma ta tsaya nan. Ta ba ni tabarma a rumfarta, ta yi mini burabisko da miyar kuka, tana ta tambayata ko har yanzu ana kawo bandar kifi daga Baga.

Washegari na nemo shagon Bagirken. Kawaja Niko ake ce masa, gajere ne mai tumbi, rana ta gasa shi har ya yi launin tukunya. A kan teburinsa akwai wani akwatin ƙarfe mai taga ta gilashi, a ciki yake kulle kyamara in zai nutse. Ya ce ina takardar shaida, na ce ɓarawo ya tafi da ita. Ya dubi burusana na gashin akuya, ya taɓe baki. Ya bayyana mini cewa fim mai launi sai an aika Turai a wanke, ya yi watanni, ya dawo duk shuɗi kamar an tsoma a marina. Shi ya sa yake ɗauka baƙi da fari, a sa launi da hannu. Ya jefo mini hotuna uku ya ce in gwada.

A cikin hotunan akwai wasu abubuwa masu rassa. Na ce wane irin itace ne wannan? Ya ce murjani. Na ce a raina, shi ke nan, aiki ya zo gidan sauƙi. Wane ɗan Borno ne bai san murjani ba? Ga shi nan a wuyan kowace amarya, ja zur. Na zauna na zuba fasaha. Rassa duka na yi su ja irin na dutsen wuya, ruwa na yi shi launin Ngadda, kifaye kuma ruwan toka, tunda haka Allah ya yi karfasa da tarwaɗa. Na kai masa ina taƙama.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya gama, fuskarsa ta canza.

"Hannunka yana da kyau," in ji shi. "Amma ka zana mini kududdufi. Nan da kwana goma jirgin ruwa na baƙi masu yawon buɗe ido zai iso. In ban sami abin sa wa a taga ba, zan rubuta Alƙahira a turo mini wani."

Ya ba ni sababbin bugu na hotunan nan uku, ya juya mini baya. Na fito na tsaya a rana. A gabana ga 'yan dako suna sauke buhuna daga jirgi, cikinsu har da mutanenmu da tafiya ta tsaya musu. Na ga kaina a cikinsu sarai, na ga Yagana tana jiran saƙon da ba zai zo ba.

Wani ya taɓa kafaɗata. Ohaj ne, mai tuƙa wa Kawaja kwalekwale kuma mai nutso tare da shi. Mutumin duwatsun wurin ne, babban mutum mai tulin gashi da tsinken katako a soke, maganarsa ba ta wuce kalma biyar.

"Ka taɓa gani?" ya ce.

"A'a."

"Gobe da safe."

Ban iya iyo ba, kuma na gaya masa, ya ɗaga kafaɗa. Muka shiga kwalekwale, ina riƙe da gefensa da hannu biyu ina karanta duk abin da na haddace. Da muka yi nisa ya miƙo mini garwar kananzir da aka cire wa gindi aka liƙa gilashi. Ya ce in danna ta a kan ruwa in leƙa.

Jama'a! Na leƙa, na ɗago, na sake leƙawa. Gari ne guda a ƙasa. Ga murjanin da na yi wa ja, ashe akwai ruwan ɗorawa, akwai shunayya, akwai ruwan ƙasa, akwai wani launi da ba ni da sunansa har yau. Ga kifi rawaya mai baƙin ratsi, ga kore mai baki irin na aku yana gwaguyar dutse, ga wasu ƙanana ruwan goro sun taso gaba ɗaya sun juya gaba ɗaya. Haske yana yawo a kan yashi yana karkarwa. Na manta da tsoro, na yi ta surutu da Kanuri, har Ohaj ya riƙe bayan rigata don kada in bi garwar.

Na fito da kwalabena da kofin gilashi, na ɗebi ruwan teku don in haɗa launi tun abin yana idona. Na ɗiga ja ɗigo ɗaya. Shekara shida ina ɗiga launi a ruwa ban taɓa tsayawa na kalla ba. Ya sauka a hankali, ya buɗe, ya yi zare-zare, ya naɗe kamar hayaƙi. Na bi shi da shuɗi, suka rungumi juna a tsakiyar kofi kafin su zama abu ɗaya. Ohaj ya matso yana kallo, ya ce in sake. Sau uku muka yi, manya da mu.

Can ƙasa kusa da wani dutse na hango kifi mai duhu, kusan baƙi, irin wanda ke cikin hoto na biyu. Na nuna wa Ohaj. Ya ɗauki mashi ya faɗa, jim kaɗan ya ɓullo ya jefa shi cikin kwalekwale. Kifin ja ne kamar barkono.

"Ba shi ba ne," na ce. "Baƙi na nuna maka."

"Shi ne."

"Haba Ohaj, launi fa sana'ata ce."

Bai yi musu ba. Hannu kawai ya sa ya cire hular kaina, zanna ce da Yagana ta ɗinka mini da zare ja da rawaya da kore. Ya ɗaure ta da dutse a igiya ya saki. Na yi ihu, ya nuna mini garwa. Ina kallo hulata tana sauka, yana auna igiya gaba-gaba da faɗin hannuwansa. A gaba biyu jan ya fara dishewa. A gaba huɗu ya zama ruwan ƙasa. A gaba biyar babu shi, ya koma baƙi, rawayan ma ya fara sanyi, koren ne kawai ya tsaya da ƙafarsa. Ya jawo igiya, launuka suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, har hula ta fito tana ɗiga, janta na nan daram.

Na karɓi hulata na matse. Ashe ruwa cin launi yake yi, kuma da ja yake farawa.

Na koma na gwada a takarda, bai yi ba. Daga sama nake kallo, kyamara kuwa daga gefe ta kalla, daga ciki. Na gaya wa Ohaj, ya ce, "To sauka." Ya ba ni tabarau na roba mai gilashi ɗaya da ke rufe ido da hanci, ya ɗaura mini igiya a ƙugu. Ranar farko ruwa na sha har na ƙoshi. Rana ta biyu kunnuwana suka yi kamar ana soka allura, ya koya mini in danne hanci in hura. Kullum sai in dawo rumfa ido jawur, Ya Falmata tana faɗa.

"Tadani, uwarka ta haife ka a tudu. Me ka ajiye a can ƙasa?"

"Aiki, Ya."

"Aikin kifi! Ci abinci."

Rana ta bakwai Ohaj ya kai ni daidai dutsen da ke cikin hoton. Na cika ƙirji da iska, na rungumi ƙaton dutse, na saki gefen kwalekwale. Na tafi ƙasa zuu. Da ƙafata ta taɓa yashi na buɗe ido sosai. Shiru. Ko'ina shuɗi ne, amma ba shuɗi ɗaya ba, na sama fari-fari mai haske, na gefe mai kauri, na nesa kuwa har ya haɗiye duwatsu. Kifin nan ya fito daga rami ya tsaya yana dubana, launinsa kamar hanta. Daɗi ya kama ni, na miƙa hannu in dafa murjani, ya yanke ni a tafi.

Na duba hannun. Wani abu kore mai duhu yana fita daga jikina yana naɗewa a ruwa. Kore! Na ce shi ke nan, aljanun teku sun juya mini jini. Na fizgi igiya da ƙarfin tsiya, Ohaj ya jawo ni. Na faɗa cikin kwalekwale ina tari ina salati, na ɗaga hannu in nuna masa masifar da ta same ni, sai ga jini ja yana gangarowa har gwiwar hannu. Muka dubi juna. Ranar na fara jin dariyar Ohaj, ni ma na kwanta a kan igiyoyi ina yi har cikina ya ƙulle.

Ya Falmata ta ɗaure mini hannun da tsumma tana zagin teku. Allah ya taimake ni na hagu ne. Kwana biyu na yi a rumfarta, hotuna a kan faifai. Na jiƙa takarda, na shimfiɗa shuɗi sau bakwai, mai kauri a ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Rassan da ke kusa da haske na ɗan taɓa su da ruwan goro. Da na zo kan kifin, hannuna ya tafi kwalbar ja da kansa. Na san ja ke sayar da hoto. Na san da a Wulari ne ko tunani ba zan yi ba. Na daɗe riƙe da kwalbar, sannan na rufe ta, na haɗa launin hanta.

Ana gobe jirgi zai iso na kai wa Kawaja Niko. Ohaj yana tsugune a bakin ƙofa yana gyaran igiya. Kawaja ya jera hotunan a tebur.

"Ina ja?" ya ce. "Wannan kifi ja ne, kowa ya sani."

"A kwalekwale ja ne, Kawaja. A inda ka ɗauke shi ba ja."

"Wa ya gaya maka?"

Na ɗaga masa hannuna mai tsumma. Ya dubi Ohaj, Ohaj ya ci gaba da igiyarsa. Kawaja ya ɗauki hoto na biyu ya matsa kusa da taga. Na tsaya ina jira. Ina kallon tumbinsa, sai na lura ya tsaya cak, ba ya motsi. Mutumin nan ya daina numfashi, bai ma sani ba. Ya daɗe a haka, sannan ya saki iska fuu, kamar wanda ya ɓullo.

"Baƙin jirgi ja suke so," ya ce a hankali. Ya sake duban hoton. "Su saya ko su bari."

Ya shige ciki, na ji yana jan wani abu. Ya fito da akwati niƙi-niƙi ya dire a gabana, ya buɗe. Hotuna ne baƙi da fari cike har baki, duk abin da ya ɗauka tun zuwansa garin.

"Akwai ɗaki a bayan shago, ya ishi mutum da iyalinsa," in ji shi. "Amma ba za ka taɓa ko ɗaya ba sai ka je ka gan shi da idonka."

Na durƙusa gaban hotunan. Na ɗauki na sama, wani kogo ne da kifaye suka yi cincirindo a bakinsa, na miƙa wa Ohaj.

"Wannan a ina yake?"

Ya duba. "Gaba tara."

Ni kuwa biyar na taɓa zuwa, ita ma da ƙyar na dawo. Na share gumin tafina a riga, na ce, "To, gobe da ƙarfe nawa?"